Haramin Malam Bello

Duk yaron da aka kawo shagona koyon ɗinki, tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai hau keke. Ku yaran yanzu kun ɗauka ɗinki taka keke ne kawai, ka bi layi, ka goge, ka ɗauki hoto ka sa a waya. To keke shi ne ƙarshen abin. Ni sai da na gaji da hura gawayin dutsen guga da sa maɓalli a shagon maigidana Malam Ɗanlami a Kawo kafin ya bar ni na taɓa almakashinsa, keke kuwa sai da gemu ya fara tsiro mini. Bazazzagi ne, ga faɗa ga rowar yabo. Amma a wurinsa na koyi abin da nake cin abinci da shi har yau a nan Unguwar Shanu, wato sanin jikin mutum. Kowa da abin da ba ya so a gani a jikinsa, kuma tela ne na farko da yake gani.

A zamaninmu idan ana awo, tela yana aunawa yana faɗa da ƙarfi, na gefe yana rubutawa. Tsawo kaza, kafaɗa kaza, ƙirji kaza. Amma in Malam Ɗanlami ya ga mutum ya riƙe numfashi lokacin da tef ya nufi cikinsa, sai ya yi shiru ya riƙe lambar a kansa. Mai tumbi, mai ƙusumbi, wanda kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu, duk sun san wannan halin nasa, shi ya sa ba sa zuwa wurin wani. Ku kuwa na ji ku, kuna ƙwala awon cikin mutum har mai shayin ƙofar layi ya ji.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya fara ne da wata tsohuwar jamfa. Ban daɗe da buɗe shagona ba, wani saurayi sa'ana ya shigo, dogo, ba mai ƙiba ba, ya rungume fayil a ƙirji kamar za a ƙwace masa. Ya ce sunansa Bello, sabon ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya ajiye yadi da jamfar, ya ce in kwafi awonta. Na ɗauko tef, sai ya ja da baya.

"A'a, Malam Isiyaku, ka bi wannan kawai."

"Wannan ai ta yi maka yawa," na ce. "Mutum biyu za su shiga, a samu wurin ajiye takalmi."

"Haka nake so."

Na ɗinka yadda ya ce. Ranar gwaji sai na ga gaban rigar ya ɗage ya fi bayan gajarta, yadin kuma ya kwanta a ƙirjinsa ya nuna abin da fayil ke ɓoyewa. Nonuwa ne sosai, ba irin kitsen da masu ƙiba ke tarawa ba. Ya ga na gani, fuskarsa ta canza. Na ce masa yankan ne bai yi mini ba, ya bar ta ya dawo.

Ku saurara, don a nan aikin yake. Ƙara faɗi ba ya ɓoye ƙirji, sai dai ya mayar da mutum buhu. Abu na farko, gaban riga ya fi baya tsawo, don idan ƙirji ya ɗaga ta, ƙasan ya zo daidai. Na biyu, yadi mai nauyi wanda yake tsayawa da kansa, shadda mai sitati ko kaki mai kyau, ban da mai santsi da mai ƙyalli, su ne manyan masu tonon asiri. Aljihun gaba ka yi shi babba, ka sa masa gam a ciki, wannan yadi mai tauri da muke mannawa da dutsen guga. In za a yi surfani, a cika shi daga wuya har ƙasan ƙirji, don zaren ya yi tauri kamar allo. Sannan na yi masa wata 'yar ciki ta kaki mai igiya a gefe, yana ɗaurewa kafin ya sa singileti. Da ya gwada, ya tsaya gaban madubi ya juya hagu ya juya dama, ya daɗe. Bai ce na gode ba, ya dai tambaye ni ko ina buɗe shago ranar Asabar.

Tun daga nan ba wanda ya sake ɗinka masa ko wando sai ni. Ni na yi masa kayan angonci, ni na yi na sunan ɗansa na fari. Yakan biyo in ya tashi daga ofis, ya zauna a bencin nan da kuke jibga kaya a kai, mu yi ta gardamar ƙwallo. A hankali a hankali labarin ya riƙa fitowa. Tun yana aji biyu a makarantar kwana abin ya fara, yara suka sa masa suna Gwaggo. Ba ya wanka sai kowa ya watse. Ya daina buga ƙwallo saboda in an raba 'yan wasa, ɓangare ɗaya tuɓe riga suke yi. An kai shi wurin wanzami an yi masa ƙaho, an ba shi jiƙe-jiƙe, wata tsohuwa har muciya ta ɗumama ta danna masa. Ba abin da ya ragu sai ciwo da ya ƙaru. Matarsa Hajara ba ta taɓa damuwa da abin ba, shi ne dai bai yafe wa ƙirjinsa ba. Lokacin bazara 'yar cikin nan takan fito masa da ƙuraje har fata ta saɓule, amma ko a tsakar gidansa ba ya cire ta sai ya shiga ɗaki. Ga tafiya a duƙe, kafaɗu a gaba, har ciwon baya ya kama shi tun bai tsufa ba.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, a gidansa take zaune tun rasuwar mahaifinsa. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Burinta ɗaya a duniya ta je Makka, kuma ta rantse ba za ta je ba sai da Bello a gefenta. Hali kuwa Allah ya ba shi, ya yi girma a wurin aiki, na ƙasa da shi ma sun je sun dawo. Amma kowace shekara da dalilinsa. Bana aiki ya yi yawa, baɗi yara za su shiga makaranta, wata shekarar kuma ya makara. Duk Sallah in na je gaishe ta, sai ta kama hannun rigata.

"Isiyaku, ka yi wa abokinka magana. Gwiwoyin nan ba za su yi ta jiransa ba."

"In sha Allahu, Inna, baɗi."

"Baɗin naku ba ya zuwa ne?"

Ni na san dalilin, ita ba ta sani ba. Namiji in zai yi aikin hajji harami yake ɗaurawa, farin zane biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa, kuma babu ɗinki a jikinsa. Ba riga, ba singileti, ba 'yar ciki. Na kafaɗar yana zamewa in ana tafiya, a ɗawafi kuma da yawa sukan buɗe kafaɗar dama. Duk dabarar da na yi masa shekara da shekaru, nan ta ƙare. Ya taɓa zuwa wurin wani malami don ya tambayi ko akwai sassauci ga mai larura irin tasa. Ya zauna, ya sha ruwa, da aka ce mene ne tambayarka, sai ya yi tambaya a kan zakkar albashi ya taso.

Wata rana ya shigo da farin yadi mai kauri a leda, ya jira har shago ya yi shiru.

"Isiyaku, da wannan za ka yi mini 'yar ciki. Kalarta ɗaya da harami, in na yafa na sama ba wanda zai gane."

Na juya yadin a hannu. Aikin ba shi da wuya, kafin la'asar zan gama. Na ce masa, "Malam Bello, ni tela ne, ba malami ba. Amma ɗinki ɗinki ne ko da farin zare aka yi shi. Mutane nake taya ka ɓoye wa. Wanda za ka je ɗakinsa fa?"

Ya ɗauki ledarsa ya fita bai yi sallama ba. Ya daɗe bai taka shagon ba, na kuwa ji abin a raina, don rashinsa a bencin nan ya sa kamar ba kowa a unguwar.

Abin da ya dawo da shi wani direba ne daga Katabu, wanda ya kawo mini wata riga mai roba ta yage a hammata, ya ce in yi masa irinta. Ban taɓa ganin irinta ba. Matsattsiya ce, ba hannu, ƙugiyoyi a gaba. Na tambaye shi ta mece ce, shi kuwa mutum ne marar nauyin baki, ya ɗaga riga ya nuna mini. Tiyata aka yi masa aka cire masa irin abin da ke damun Bello, likita ya ce ya riƙa sa wannan rigar har wurin ya kama jiki. Na roƙe shi ko zai yarda ya yi magana da wani abokina, ya ce me zai hana. Na je har gida na samu Bello. Da farko ya ce shi ba zai tuɓe wa likita ba. Na ce to ka zaɓa, likita ɗaya ko mutanen duniya gaba ɗaya a filin Arfa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, amma ya karɓi maganar.

Ba a yi gaggawa ba. Sai da aka gwada jininsa, aka duba hanta da sauransu, aka tambaye shi magungunan da yake sha, don likitan ya ce wani lokaci wata cuta ce ke kawo abin, wani kuma haka ya taso tun balaga, kamar nasa. Sannan aka yi aikin. An yanka a gefen baƙin nonon daga ƙasa, aka cire ƙullutun da ke ciki, aka zuƙe kitsen kewaye. An gaya wa Inna aikin ƙirji ne kawai, ta yi ta addu'a.

Rigar matsin ni na ɗinka, guda biyu, don in an wanke ɗaya ya sa ɗaya. Wannan aikin ya ba ni wuya fiye da babbar riga. Roba ba ta son keken ƙafa, tana tsallake zare, sai na canza allura na sassauta zaren ƙasa. Dole haɗin ya koma waje, don in yana ciki zai goge ciwon. Na shimfiɗa auduga mai laushi ta ciki saboda zafin garinmu, na sa ƙugiyoyi jeri biyu, in kumburi ya sauka ya matsa zuwa na ciki. Ta matse amma ta bar mutum ya yi numfashi ya yi ruku'u. Ranar da na je aunawa ita ce rana ta farko da tef ɗina ya zagaya ƙirjin Bello, bayan duk shekarun nan.

Kada ku ɗauka ana fitowa daga tiyata ake fara murna. Makonnin farko Bello ya yi da-na-sani. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi, ya ce mini bai ga abin da aka cire ba, sai ma ciwo da aka ƙara masa. Gefen hagu ya tara ruwa, sai da aka koma aka zuƙe da sirinji. Hannu ba ya ɗaguwa sama, Hajara ke sa masa riga. Kan nonon ya mutu, in ya taɓa ba ya ji, aka ce zai dawo a hankali, na dama ya dawo, na hagun bai dawo duka ba har yau. Tabon ya ɗan tashi ya yi duhu kafin ya kwanta, gefen hagu kuma ya ɗan lotsa kaɗan. Amma da watanni suka shuɗe, ƙirji ya zama ƙirjin namiji, irin wanda ba wanda zai waiwaya ya kalla. Ƙurajen bazara suka tafi, ciwon bayan ma ya yi sauƙi.

Jikin ya riga zuciyar warkewa. Ya kawo yadi, na auna, na ce to yau za mu rage faɗi mu cire gam.

"Bar shi yadda yake."

"Malam Bello, me kuma za mu ɓoye?"

"Ban sani ba. Ka dai bar shi."

Hannunsa bai daina jan gaban riga ba in zai miƙe. In mutum biyu suka yi dariya a bayansa, sai ya haɗe kafaɗu. Ni dai na riƙa rage faɗin kaɗan-kaɗan a kowane ɗinki, ina gaya masa kowane lokaci, yana gunaguni yana sawa. Sai wata rana ya shigo hannu biyu a sake, ba fayil, shi kansa bai lura ba. Hajara ta gaya wa matata cewa ta fito da rana ta same shi zaune a tsakar gida da singileti yana shan iska, jikarsa tana barci a ƙirjinsa, ta koma ɗaki ta yi kuka. A shekarar ya je ya yi musu rajistar kujerar hajji biyu, shi da Inna. Ni na ɗinka wa Inna hijabai na tafiya, duk da ba na ɗinkin mata. Ta ce wanda ya taya ta magana shi zai ɗinka.

Shekarar ce ta korona. Ku da kuke ƙanana lokacin, hutu kuka sani, mu kuwa mun ga tashin hankali. Aka kulle gari, aka rufe kasuwa, azumi ya zo ya wuce ba wanda ya kawo ɗinkin Sallah. Ni da nake korar aiki a watan azumi, na koma ɗinka takunkumin fuska da guntayen atamfa a zauren gida. Teloli da yawa sun sayar da kekunansu sun koma acaba, wasu ba su dawo ba har yau. Ana cikin haka aka ce bana ba mai zuwa hajji daga waje. Inna ta ce ba komai, ta saba da baɗi. Ta mayar da hijabanta cikin jaka ta ajiye a gefen gado. Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama ta, bai yi tsawo ba, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an buɗe hanya, Bello ya ƙi maganar Makka. Ya ce wadda zai kai ta tafi, me zai je yi. Sai da Hajara da 'ya'yansa suka taru a kansa, ni ma na sa baki, sannan ya yarda. Ya yi ritaya a lokacin. Na raka shi har sansanin alhazai, ina kallon motarsu ta fita, ni da ban taɓa zuwa ba, kuma har yau ina roƙon Allah ya kira ni kafin idona ya gama tafiya.

Da ya dawo na bar jama'a suka gama tururuwar zuwa sannu da zuwa, don na san zai zo. Ya kuwa zo da yamma, ya rame ya yi baƙi, kansa a aske, yana tarin da alhazai ke dawowa da shi. Ya ajiye mini dabino da carbi da ruwan zamzam a ƙaramar gora, ya zauna.

"Alhaji Bello," na ce, "yau dai sunan ya tabbata. Yaya harami?"

"Ya zame ya fi a ƙirga. Na gyara, wani lokacin ma ban gyara ba."

"Alhamdu lillahi. Aikin likita ya yi rana."

"Ya yi. Ban yi nadamarsa ba, Isiyaku. Na yi sallah a can ban tuna da jikina ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro."

Ya juya yana kallon titi. Na ci gaba da warware wani ɗinki, don na san halinsa, in ka kalle shi maganar takan koma.

"A ɗawafi akwai wani dattijo a gabana, ban san ƙasarsu ba. Nonuwansa sun fi nawa na da, nesa ba kusa ba. Haraminsa ya zame har ciki, ko a jikinsa. Yana tura tsohuwarsa a keken guragu, yana kuka yana addu'a. Na duba hagu na duba dama in ga wa ke kallonsa."

"Wa ke kallo?"

"Ni kaɗai."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce masa lokaci na Allah ne, Inna ta tafi da niyyarta, kuma Allah yana ba da lada a kan niyya. Ya gyaɗa kai, ya san haka ne, ya ma fi ni sani. Ya sa bayan hannu ya share fuska.

"Na bi bayansu har suka gama zagaye," ya ce. "Tsohuwar tana ta nuna masa Ka'aba da yatsa, kamar shi ba ya gani. Haka Inna za ta yi."